Gwangwani huɗu da ƙusa: yadda ƴan lakkol ke koyon haɗa ƙasar reno

 

Hatsi ya shiga rumbu, yara sun koma lakkol, kuma nan da ƴan kwanaki masu garka za su fara yafin albasa da tumatir da shu da salati. Duk wadda ta taɓa riƙe littafin ƙungiya ta san a wannan lokaci ne akwati ke fitar da bashin iri. Mace ta ɗauki jika biyu ko uku, ta sayo ƙunshin iri a kasuwa, ta yafa, ta yi ta jan ruwa safe da marece. Iri ya tsiro gwanin sha'awa. Bayan mako guda ta tarar rabinsa ya kwanta, sauran ya yi rawaya ya tsaya cak. Ranar zubi ta zo tana cewa mataccen iri aka sayar mata. Wani lokaci gaskiyarta ne, don akwai irin da ke daɗewa cikin zafin shago har ya mutu. Amma irin da ya tsiro sannan ya kwanta ba matacce ba ne. Sau da yawa ƙasar da aka kwantar da shi a ciki ita ta kashe shi, bashi kuwa yana nan yana jiran ranar biya.

Ƙasar da ake fara shuka a cikinta, a fangalin yafi ne ko a cikin leda, ita nake kira ƙasar reno. Haɗa ta ake yi da awo, kamar yadda ake haɗa kunun yaye. Abin da ya sa na ɗauki bik a kan maganar shi ne na ga yaro ɗan shekara goma yana gane ta cikin mako uku, in an ba shi gwangwani da ƙusa an bar shi ya gani da idonsa. Abin da ya gani a lakkol kuwa, kafin a ci tuwon dare uwarsa ta ji shi.

Abin da ƙwayar iri ke nema

Kowace ƙwaya tana zuwa da guzurinta. Cikin kwanakin farko ba abinci take nema a ƙasa ba, don abincinta yana cikinta. Danshi take so wanda ba ya yankewa, da ƙasa mai laushi da ɗan tsiro zai iya hudawa ya fito, da iska. Maganar iskar nan ce mutane da yawa ba su ɗauka da gaske ba: saiwa tana numfashi. In ruwa ya cika duk ƴan ƙofofin da ke cikin ƙasa ya zauna, saiwa ta shaƙe ta ruɓe, ko da sama ana ganin ganye kore. Sai ganyen gaskiya sun fito, bayan biyun nan na farko, sannan dashe ke fara neman abinci a ƙasa, shi ma kaɗan-kaɗan.

To ƙasarmu fa? Yawancin gonakin ƙasar Mayahi jigawa ce, rairai mai laushi. Iska akwai, laushi akwai, amma ruwa wucewa yake kamar an zuba a rariya. Masu bincike na INRAN, ma'aikatar binciken noma ta ƙasa mai tasha a Tarna kusa da Maraɗi, da na ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, sun daɗe da nuna cewa irin wannan rairai yana da ƙarancin ruɓaɓɓen ganye da taki a cikinsa, da ƙarancin fosfor, sinadarin da ke ƙarfafa saiwa. Lakar bakin tabki da ta wasu wurare a kwarin Gulbin Kaba ta fi riƙe ruwa da abinci, sai dai in ta jiƙe ta zama kamar kwaɓin gini, in ta bushe ta yi ɓawo ta tsage. Geza tana tsakani, amma ita ma tana yin tauri a sama in an yi ta ba ta ruwa. Ba ɗaya daga cikinsu da za ta yi reno ita kaɗai.

Darasin gwangwani

A tsarin karatun firamare na ƙasarmu akwai awoyin APP, na ayyukan hannu da na samar da abin amfani. A wurare da yawa awoyin nan shara ce da ɗebo ruwa. A wata lakkol ta cikin gundumarmu, wani malamin ajin CM1 ya mai da su darasin ƙasa, ya kuma nemi mata uku daga ƙungiyarmu mu zo mu zauna da yara. Ba kayan turawa ko ɗaya. Gwangwanayen tumatir ne masu girma ɗaya, an huda gindin kowane da ƙusa wuri biyar, an shimfiɗa ɗan tsumma a ciki.

Na farko aka cika shi da rairan jigawa. Na biyu da laka da aka daka aka tankaɗe. Na uku da haɗi: awo biyu na rairai, awo ɗaya na tsohon takin awaki da aka tankaɗe, an ɗan yayyafa masa ruwa tun daren jiya. Aka ɗora kowane a kan kofi. Yara uku suka zuba ruwa daidai wa daida, a lokaci guda, sauran aji suna ƙidaya da ƙarfi.

Na rairai bai sa an gaji da ƙidaya ba, nan da nan ya fara ɗiga. Na laka ruwa ya tsaya a kansa kamar ƙaramin tabki, har yara suka gaji suka bar ƙirga. Na haɗi ya shanye ruwansa a hankali, ya jima kafin ya ɗiga, kuma abin da ya sauka a kofi bai kai na rairai ba. Malam bai faɗa musu amsa ba. Tambaya kawai ya yi: "Ruwan da bai sauko ba, ina ya tahi?" Wata yarinya ta ce: "Mushe, takin ne ya riƙe shi, kamar soso." Washegari kowa ya sa yatsa. Rairai ya bushe a sama, laka tana nan tana manne wa hannu, haɗi kuwa da danshinsa kuma yana warwarewa.

Akwai kuma gwajin kwalba, ga mai son sanin abin da ke cikin ƙasar garkarta. A zuba ƙasa ta kai kashi ɗaya cikin uku na farar kwalba, a cika da ruwa, a girgiza sosai, a ajiye. Rairai zai kwanta cikin minti guda, mai laushi ya biyo baya cikin ƴan awoyi, laka kuwa sai ta kwana ko ta fi kafin ruwa ya washe, tarkacen ganye yana yawo a sama. Yaro ya sa abin awo a jikin kwalba ya ga wanne ya fi yawa.

Darasin da ya fi kama yara shi ne na shuka. Nan aka ƙara gwangwani na huɗu: rairai da ɗanyen kashin shanu na makon nan. Kowane gwangwani aka sa masa ƙwayar tumatir goma daga ƙunshi guda, zurfi ɗaya, ruwa ɗaya, inuwa ɗaya. Malam ya nanata musu cewa abu guda kawai ake canzawa, wato ƙasa. In kin canza ƙasa kin canza ruwa kin canza iri, ba ki san wanda ya yi aikin ba. Kuma kowace ƙasa gwangwani uku aka yi mata, don ƙadangare ko kaza na iya cinye ɗaya a ce laifin ƙasa ne. Kowace safiya yara biyu su ƙirga abin da ya tsiro, su auna tsawo da santimita, su rubuta a kaye. Lissafi ke nan ya shigo ba da bulala ba: bakwai cikin goma, saba'in cikin ɗari.

Abin da ya ba ni dariya, makon farko rairai ne ya yi gaba. Shi ya riga kowa tsirowa, har masu goyon bayansa suka fara tsalle. Wata tsohuwa daga cikinmu, wadda ta yi garka tun kafin a haifi malamin, ta ce musu: "Ku dai dakata, jikokina. Wanga mai saurin tashi bai da abin ci a gidansu." Haka kuwa aka yi. Shiga mako na uku guzurin iri ya ƙare, dashen rairai ya yi rawaya ya daina tsawo. Na laka kaɗan ne suka iya fasa ɓawo. Na ɗanyen kashi wasu ba su fito ba, wasu bakin ganyensu ya ƙone, ga ciyawa ta cika gwangwani. Na haɗi ya zo a hankali ya wuce kowa, kara mai kauri, ganye kore shar. Da aka zazzage ƙasa aka wanke saiwoyi aka jera a kan allo, ko wanda ba ya jin lissafi ya ga bambanci.

Ni a ganina wannan jiran na mako uku shi ne rabin darasin. Da an tsaya a kwana bakwai, da yara sun tafi gida da amsar da ba ita ba.

Taki sai ya nuna

A nan ne mu mata muka fi malam sani, shi ma bai musa ba. Littafi yana cewa a sa ruɓaɓɓen taki. Amma yaya ake gane ya ruɓe? Hannu da hanci. Takin da ya nuna baƙi-baƙi ne, yana marmashewa, ba a gane wannan kashin akuya ne wannan kara ne. Ƙanshinsa kamar ƙasa bayan ruwan farko. In kin tura hannu cikin tsibin ba za ki ji zafi ba. Wanda ke da ɗumi a ciki, ko yake hawa hanci kamar fitsari, bai gama ba. Zafin nan da gishirin da ke cikinsa su ke ƙona ƴar saiwa, ga irin ciyawa da ke ciki da ransa, ga gara da ke bin busasshen kashi da karan da bai ruɓe ba.

Takin awaki da tumaki na bara, wanda damana ta bi ta kansa, shi ya fi sauƙin samu a gidajenmu. A daka shi sama-sama a tankaɗe da rariya mai manyan ido. Abin da ya tsaya a rariya a mai da shi rami ya ƙarasa ruɓewa, gwazarmar da aka samu a jefa wa kaji. Kashin kaji da na tantabara suna da ƙarfi ƙwarai, ɗan kaɗan ake sawa, kuma sai sun tsufa. Mai son takin rami ta jera kara da ganye da kashin dabbobi hawa-hawa, tana yayyafa ruwa da ƴar toka, tana juyawa duk mako biyu. Wata biyu zuwa uku ya nuna, in ba a bar shi ya bushe ba.

Awo biyu na rairai da ɗaya na taki shi ne haɗin da aka fi yi a wuraren renon itatuwa na yankinmu. In rairan ya cika sako-sako, a ƙara awo ɗaya na geza ko na ƙasar gindin gawo. Ƙasar gindin gawo ba banza ba ce. Gawo yana zubar da ganye da damana, da rani dabbobi su kwanta a inuwarsa suna cin ƴaƴansa suna kashi, shi ya sa hatsi ke fin kyau a ƙarƙashinsa. A ɗiba sama-sama, kada a yi rami a gonar mutane, kuma a nemi izini. A fangalin kayan miya mai faɗin mita ɗaya, bokiti guda na ruɓaɓɓen taki ya isa mita ɗaya zuwa biyu na tsawo, a cuɗa shi da ƙasar sama.

Bayan an haɗa ba a shuka ran nan. A yi ta ba shi ruwa kamar mako guda. Busasshen taki yana ƙin shan ruwa da farko, sai ya saba. Kuma cikin kwanakin nan ciyawar da ke ɓoye za ta tsiro a cire ta tun babu dashe. Gwajin ƙarshe a tafin hannu yake, kuma yara suna son sa. A dunƙula ƙasa a matse. In ruwa ya ɗiga, ya yi yawa. In an buɗe hannu ta zube, rairai ya yi yawa ko ta bushe. In ta tsaya dunƙule, an taɓa da yatsa ta warware, to ta yi.

Wani yaro ya zo da tambayar da ta buɗe wani darasin. A ledarsa zogale ya shuka, sai ga ɗan gawo ya fito a gefe. "Inna, wa ya shibka shi?" Akuya ce. Irin gawo da na bagaruwa ɓawonsu tauri gare shi, ruwa ba ya shiga da sauƙi, amma in ya bi ta cikin akuya ya fito a kashi ya yi laushi. Abin da cikin akuya ke yi shi muke kwaikwaya: a tafasa ruwa, a sauke daga wuta, a zuba iri ya kwana a ciki, ko a ɗan ɓantare gefen ɓawon da abin yankan farce. Zogale ba ya bukatar wannan. Zurfin gaɓar yatsa guda ya ishe shi, yana fitowa cikin mako ɗaya zuwa biyu, abin da ba ya so kawai ruwa ya kwanta masa a gindi.

Ina roƙon iyaye da malamai abu guda a nan. Kada a tura yara jujin gari su ɗebo ƙasa don an ga ta yi baƙi. Jujin yanzu ba na da ba ne: akwai mataccen batir mai guba, da fasassun kwalabe, da leda, da allura. Ƙasar da ruwan wanki ke kwarara a kanta ita ma ba ta yi, haka toka in ta yi yawa. Yaron da ke da rauni a hannu ko ƙafa kada ya taɓa taki, don ƙwayar tetanos, ciwon nan mai sandarar da jiki da haƙora, tana zama a cikin kashin dabbobi da ƙasa. In an gama aiki, sabulu da ruwa kafin a taɓa abinci.

Dashen da ke kwanciya

Mu koma kan matar nan da dashenta ya kwanta. In kin ciro ɗaya kin duba, za ki ga wuyansa, daidai inda ya haɗu da ƙasa, ya sirance kamar zare ya yi duhu. Ƙwayar cuta ce irin ta hunhuna da ke zaune a ƙasa, kuma abin da take so shi ne ruwa mai yawa, da yafi mai cunkoso, da inuwar da iska ba ta ratsawa. Wanda ya kwanta ba ya tashi. A cire shi da ƙasar gindinsa a kai nesa, a rage ruwa, a ɗaga rumfa.

Rigakafi ya fi sauƙi. A shuka a layi, tsakanin layi da layi faɗin tafin hannu, maimakon a watsa kamar ana ba kaji tsaba. Zurfi kada ya wuce girman ƙwaya sau biyu ko uku. Irin salati da na shu rufi kaɗan suke so. A rufe da ciyawa busasshiya, a ɗauke ta da zarar tsiro ya leƙo. Ruwa da safe, da abin ban ruwa mai ƙananan ido ko gwangwanin da aka huda. Kakanninmu suna tara karan hatsi a kan fangali su ƙona kafin su sa taki, kuma dubara ce mai kyau, tana rage cuta da irin ciyawa a ƙasar sama. Akwai ta rana: a bazara, watan Afrilu da Mayu, a jiƙa ƙasa sosai a rufe da farar leda mai nuna ciki, a binne gefunanta, a bar ta wata guda ko fiye, zafi ya dafa ta. Kuma kada a ɗebo ƙasar reno daga inda tumatir ko kuɓewa ko yalo suka yi bara. A ciro tsohon gindin tumatir a nuna wa yara: in saiwar ta yi ƙulli-ƙulli kamar carbi, akwai ƴar tsutsar da ido ba ya gani a wurin, kuma za ta bi dashe duk inda aka kai shi.

In ƙasa ta yi kyau, tumatir da shu suna isa dashe cikin mako uku zuwa huɗu, da ganye huɗu ko biyar. Albasa, irin ta Galmi da muka saba, ta fi jimawa: kwana 40 zuwa 50, sai ta kusa kaurin fensir.

Wata rana malam ya kawo wa yara labarin yadda ake yi a Turai. Can ƙasar reno a buhu ake sayen ta. Yawancinta wani ruɓaɓɓen gansakuka ne da ake haƙowa daga fadamun ƙasashen sanyi, wanda ke taruwa kamar milimita ɗaya a shekara, shi ya sa yanzu ake neman rage haƙarsa. Wasu sun koma ga zaren ɓawon kwakwa da ake kawowa daga Indiya da Siri Lanka. Amfaninsu ɗaya ne: ba su da nauyi, suna riƙe ruwa, suna barin iska ta shiga. Mu ma muna da masu yin wannan aiki, a masussuka muke barin su iska ta kwashe. Ƙaiƙayin hatsi da ɓawon gujiya, in sun ruɓe a rami ko an babbaka su sun zama gawayi ba toka ba, suna sassauta ƙasa mai tauri. Ɗanyensu dai ba a sawa, don yayin da suke ruɓewa suna ƙwace abincin dashe ya yi rawaya. Buhun waje yana da ranarsa ga babban manomi mai sayen iri mai tsada. Ga lakkol da garkar ƙungiya, ban ga dalilin taɓa akwati dominsa ba.

Leda, ruwa, da wa zai kula da hutu

Tun 1975 ake dashen itatuwa a ƙasarmu ranar 3 ga Agusta. Jihar Maraɗi kuma ita ce mahaifar sassaben zamani, wanda Tony Rinaudo ya fara yaɗawa tare da manoma a 1983, na barin tohon kututture ya girma a gona maimakon a sare shi. An ƙiyasta itatuwa miliyan 200 sun dawo a kan hekta miliyan 5 ta wannan hanya. Sai dai kututture yana dawo da abin da ke wurin ne tun da: sabara, kalgo, gawo, aduwa. Zogale da mangwaro da gwaba da lemu da magarya mai aure, waɗanda ke shiga tukunya su kuma kawo kuɗi, sai an rene su. Matan Jiratawa da Tibiri ba za a gaya musu abin da ganyen zogale ke sawa a lalita ba.

Ledar piya wata da ke yawo a kasuwanninmu tana ɗaukar rabin lita, ta isa zogale da kayan miya. A yanke baki, a huda gindi wuri huɗu ko biyar, a cika a ɗan bubbuga ta zauna ba tare da an danne ba. Gawo da mangwaro masu doguwar saiwa suna son leda mai tsawo. Duk mako biyu a ɗaga ledoji a gusa da su, a yanke saiwar da ta huda ta shiga ƙasa, in ba haka ba ranar ɗauka sai an tsinke ta dashe ya yi yaushi. Ranar dashe a yage leda a tattara ta, kada akuya ta haɗiye.

Rijiyoyinmu zurfi gare su, don haka a yi lissafin ruwa tun kafin a cika leda ta farko. Leda 200, kowace ƙaramin kofi, kusan bido guda ne na lita 20 da safe, a bazara a ƙara da marece. Abu ne mai yiwuwa. Leda dubu kuwa a lakkol da ba ta da famfo, wahala ce za ta ƙare a kan yara. Kuma a nan zan faɗi abin da ke raina: in aka wayi gari ƴan mata ne ke ɗaukar bido, maza ke riƙe da abin awo da kaye, to ba darasi ake yi ba. A raba aiki ya riƙa zagayawa. Yarinyar da ta ja ruwa yau, gobe ita ke rubutu.

Babbar matsalar renon itatuwa a lakkol lokaci ne. Ana shuka a leda daga Maris zuwa Mayu don dashe ya isa a tsakiyar damana, lakkol kuwa tana rufewa a ƙarshen Yuni, malam ya tafi garinsu. Dashen da yara suka yi wata uku suna reno sai ya rage ba mai kula da shi daidai lokacin da ya kusa amfani. Wannan gurbin mu ne za mu iya cike shi. Tun 1991 da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, abin da muka ƙware a kai shi ne haɗuwa kowane mako ba fashi da riƙon amanar abin da ba namu mu kaɗai ba. Ƙungiya ta zauna da darakta da kwamitin COGES da uwayen AME tun yanzu, a rubuta a takarda: wa zai kawo taki da amalanke, wa zai yi shinge, wa zai riƙe dashe da hutu, kuma in an sayar yaya za a raba. A ce dashe 200 ne, kowane dala goma, jika goma ke nan. Ba dukiya ba ce, amma ta sayi alli da kaye, ta kuma sayi irin baɗi ba tare da bashi ba. Malamin gona da ma'aikacin gandun daji na gunduma su ma a gayyace su ranar haɗa ƙasa, sun san irin da ya dace da wurinmu.

Shinge shi ne farko, kafin ko leda ɗaya, don akuya guda ta isa ta share aikin aji a wuni ɗaya. Sannan rami. Ramin takin da aka cika a Nuwamba zai nuna wajen Fabrairu, a tankaɗe a cika leda a Maris. Gwajin gwangwani kuwa ba ya jiran komai, ana iya fara shi ranar zubi mai zuwa a gidan shugaba, kowace mace ta zo da ƙasar garkarta a ɗankwali da ɗiyarta mai riƙe kaye. Ƙungiyar da ta gwada, sakatariya ta rubuto mana abin da ya tsiro a kowane gwangwani da kwanakin da ya ɗauka, za mu buga a fitowa ta gaba.